Wane keken hawan dutse zan fara da shi, kuma me zan canza a jikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samaru, tsawona santimita 172. Na tara 'yan kuɗi ina son sayen keken hawan dutse, irin mai giya da manyan tayoyi, in riƙa zuwa lacca da shi, ranar Asabar kuma in fita bayan gari har wajen Dutsen Kufena. A Sabon Gari na ga sababbi masu sifirin gaba da baya, har da birki mai faifai, kuma kuɗinsu bai kai na waɗansu 'yan gwanjo da suka sha jiki ba. Wanne zan ɗauka? In kuma na saya, me ya kamata in fara canzawa idan kuɗi sun samu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Ɗauki ɗan gwanjon, amma da sharaɗi: ya zama na kamfanin da aka sani, firam ɗinsa lafiya lau, girmansa daidai jikinka, shokazoba a gaba kaɗai. Sabon nan mai sifirin gaba da baya da ka gani da araha, kyan ɗan maciji ne, ka bar shi inda ka gan shi.

Ga dalilina. Keke mai shokazoba a baya, in na gaske ne, sai an sa masa boris a kowace gaɓa, an sa masa shokazoba mai iska da mai a ciki wadda ke riƙe tsalle, kuma wannan kaɗai yakan ci kuɗin keke guda. Na arahar kuwa sifirin ne zalla aka naɗa a jikin ƙarfe, gaɓoɓin kuma noti ne da 'yar roba. Duk takun da ka yi wa feda, wani ɓangare na ƙarfinka a lilon sifirin yake ƙarewa. Nauyinsa yakan kai kilo 17 ko 18, alhali mai shokazoba a gaba kaɗai na kamfanin kirki bai cika wuce kilo 13 zuwa 15 ba. Kafin damina guda ta wuce gaɓoɓin sun saki, bayan keken ya fara kaɗa wutsiya, kuma babu mai gyaran da zai samo maka kayansa, don ba a yi shi da nufin a gyara ba. Irin waɗannan kekunan su ne aka fi kawo mana, kuma mafi yawansu a jingine suke ƙarewa.

Kada kuma rubutun jikin firam ya ruɗe ka. Za ka ga an rubuta Shimano ɓaro-ɓaro a jikin keke. Shimano kamfanin Japan ne da aka kafa a 1921, yana yin giya da birki da sarƙa da makamantansu, ba ya ƙera keke. Abin da rubutun yake nufi, in ma gaskiya ne, shi ne akwai ɗan abu guda na Shimano a jiki, galibi macanjin giya na baya. Sunayen da za ka nema a wurin masu gwanjo su ne irin su Giant, Trek, Specialized, Merida, Scott, Cube, GT, Carrera da Rockrider. Ko su ma ana manna takardar sunansu a jikin wani firam daban, saboda haka ka shafa da yatsa. Sunan asali a ƙarƙashin fenti mai sheƙi yake, ba ya ɓantaruwa da farce. Ka kifa keken ka duba ƙasan firam, wurin da ƙarfen feda yake juyawa, a nan ake buga lambarsa. In ka ga an kankare lambar, ka yi gaba, kuma duk inda ka saya ka karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba, don satar keke ba sabon abu ba ne a unguwannin ɗalibai.

Girma shi ne abin da ba ya gyaruwa bayan saye. Da tsawonka, firam mai inci 17, wanda ake rubuta wa M, shi ne naka. Ka haye ka tsaya da ƙafafuwanka biyu a ƙasa, sandar sama ta bar maka tazarar akalla santimita 5. Sannan ka hau sirdi ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In sai an zaro ƙarfen sirdin ya wuce layin da aka zana masa kafin ka samu haka, keken ya yi maka ƙanƙanta. Da yawa daga cikin samarinmu babba suke ɗauka don ya fi cika ido, alhali a kan duwatsu babban keke wahalar juyawa gare shi, in kuma ka zame daga sirdi sandar ce za ta tare ka.

Yanzu duba firam. Ka je da tsumma da ɗan mayen ƙarfe a aljihu. In mayen ya kama, firam ɗin ƙarfe ne, in bai kama ba, alminiyom ne. Kowanne yana da kyau. Bambancin da ya shafe ka shi ne na ƙarfe in ya tsage mai walda zai iya ɗinke shi, na alminiyom kuwa ba a yi masa waldar bakin titi, domin bayan walda sai an sake gasa shi a masana'anta kafin ƙarfinsa ya dawo. Goge ƙura a wuyan keken, inda sanduna biyu suka haɗu, ka goge gindin ƙarfen sirdi da wajen feda, ka kai shi rana ka duba bakin kowace walda. Tsaga takan fito kamar siririn gashi baƙi a gefen waldar. In ka ga fenti ya tattare a ƙarƙashin sandar ƙasa daf da wuya, keken ya taɓa karo da gaba, ko nawa aka rage maka kada ka saya. Daga nan matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, yatsunka na kan mahaɗin wuya da fok, wato ƙarfen nan mai rassa biyu da ƙafar gaba take tsakaninsu. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya saki, wannan ƙaramin gyara ne, sai dai ya ba ka abin ciniki. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, ka ga ko tana rangaji. In an ce maka firam ɗin kabon ne kuma na hannu, bar wa waɗanda suka san kansa, don lahaninsa a ciki yake ɓuya.

Girman taya uku ne: inci 26, 27.5 da 29. Kamfanoni yanzu sun koma kan biyun ƙarshe, kuma gaskiya 29 ta fi haye rami da tsakuwa cikin sauƙi. Amma a Zariya, 26 ce za ka samu tayarta da tib ɗinta da sifok ɗinta a wurin mai gyaran keke na unguwa, sauran kuwa sau da yawa sai an aika Kano ko Kaduna ko Legas, ko a yi oda ta intanet. Ga ɗalibin da keken ne ƙafarsa, ban raina 26 ba ko kaɗan. In ka samu 27.5 mai kyau a kuɗinka, ɗauka, amma ka sayi tib biyu ka ajiye tun ranar. Kuma in za ka sayi taya, kada ka tsaya a kan incin da mai shago ya faɗa maka, karanta ƙaramar lambar da ke gefen tayar, misali 54-559. Lambar ƙarshen ita ce faɗin gargare a milimita: 559 na 26 ne, 584 na 27.5, 622 na 29. Akwai wata taya da ita ma ake rubuta wa 26, ta kekunan gari, wadda lambarta 590 ce, ba za ta zauna a gargarenka ba. Haka tayar tsohon Raleigh da Phoenix irin na iyayenmu 635 ce, ba ta shiga 29.

Abin da zai yanke maka ko keken zai karɓi gyare-gyaren da kake buri nan gaba, yana ƙafar baya. Haƙoran giya na baya iri biyu ne. Akwai firiwil, wanda ake murɗawa kamar noti a jikin hob, wato cibiyar ƙafar da ake ɗaura sifok a jikinta, shi ne a kusan duk kekunan araha, ba ya cika wuce layi bakwai, kuma ƙarfen tsakiyar ƙafar yakan lanƙwashe ko ya karye in ana dukan rami da shi, saboda boris ɗin dama ya yi nisa da bakin firam. Akwai kuma kaset, wanda ake zurawa a kan hob a ɗaure da zobe. Gane su ba wuya. Ƙirga haƙoran ƙaramin layi: in 14 ne, kusan kullum firiwil ne, in 11 ko 12 ne, kaset ne. In kana son tabbaci, a cire ƙafar, ka juya haƙoran baya da hannu kana kallon tsakiyarsu. In wurin da ake sa makullin kwancewa yana juyawa tare da haƙoran, kaset ne, in ya tsaya cak, firiwil ne. Nemi mai kaset mai layi takwas ko tara. Hob ɗin da ya ɗauki takwas zai ɗauki tara da goma, har da sha ɗaya na keken dutse na Shimano, ba tare da ka canza ƙafa ba. Ka kuma duba ɗan ƙarfen da macanjin giya yake rataye a jiki, ya zama mai kwancewa da noti, don in ka faɗi ta dama shi ne zai lanƙwashe a madadin firam. Na uku, ka duba ko firam da fok suna da kunnuwan ɗaura birki mai faifai, ko da yanzu birkin roba ne a jiki. In keken ya cika waɗannan ukun, za ku daɗe tare.

Matakan kayan Shimano daga ƙasa zuwa sama su ne Tourney, Altus, Acera, Alivio, Deore, sai SLX da XT da XTR na masu tsere. Daga Altus zuwa Alivio ya ishe ka shekaru. In ka yi sa'a ka ga tsohon keke mai Deore, ko fentinsa ya koɗe, ya fi sabo mai Tourney nesa ba kusa ba. Yawan giya kuma ba shi ne ba. Mai shago zai ce maka 21 ko 24, amma da yawa daga ciki maimaici ne, abin dubawa shi ne giyar hawa ta yi taushin da za ka haye tudu a zaune.

Kada ka zuba duk kuɗinka a kan keken. Ware kashi ɗaya cikin biyar. Ɗan gwanjo ya sha zama a kwantena da rana, giris ɗinsa ya bushe. Kafin ka yi tunanin wani ado, a buɗe hob biyu da wuya a wanke a sa sabon giris, a canza wayoyin birki da na giya, a sa sabuwar robar birki ko sabon takalmin faifai, a daidaita sifok. Sarƙa kuma ka auna ta da kanka da rula mai inci. Ɗora farkon rular a tsakiyar wata ƙusa ta sarƙar, ka duba inci na 12. A sabuwar sarƙa wata ƙusar za ta faɗo daidai kan layin. In ta gota da ɗaya bisa sha shida na inci, lokacin canji ya yi. In ta kai ɗaya bisa takwas, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai an canza su tare, in ba haka ba sabuwar sarƙar za ta riƙa tsallakewa duk sanda ka taka da ƙarfi. A cikin kuɗin da ka ware ne za ka sayi hular kwano ta keke, da famfon hannu, da tib, da faci da sholisho, da alanki mai lamba 4, 5 da 6. Hular nan ba na sassauci a kanta. Dutsen Kufena in ya jiƙe santsi gare shi, a kan titi kuma daga Samaru zuwa Kwangila ka san yadda manyan motoci da 'yan acaɓa suke.

Bayan wannan, ka hau shi wata biyu ko uku ba ka canza komai ba. Keken da kansa zai nuna maka inda yake gaza ka, kuma sau da yawa ba inda ka zata ba ne.

In ka tashi canji, fara da taya, don babu abin da yake sauya hali da tafiyar keke da kuɗi kaɗan kamarta. Ƙasarmu a nan jar ƙasa ce mai tauri da tsakuwa da 'yar rairayi a kai, mafi yawan shekara a bushe. Taya mai faɗin inci 2.1 zuwa 2.25, mai ƙananan ƙuraje a jere kusa da juna a tsakiya da manya a gefe, ita ta dace da mai haɗa titi da daji kamarka. Mai manyan ƙuraje irin ta laka za ta ja maka ƙafa a kwalta ta kuma cinye da wuri. In kuɗin taya ɗaya gare ka, sa sabuwar a gaba, don zamewar baya ana iya riƙe ta, ta gaba kuwa sai ƙasa. Iska ma abin lura ce. Mai faci ya saba da babur, zai cika maka ita ta yi tauri kamar dutse, sai keken ya riƙa tsalle a kan tsakuwa. Ga mai tib, awo 30 zuwa 35 a ma'aunin mai faci ya isa a daji, ka ƙara kaɗan in titi za ka bi. In bawul ɗinka siriri ne, wanda ake kira Presta, sayi ɗan mahaɗin da ake murɗawa a kansa don bakin injin mai faci ya kama, ka bar shi a jiki.

Ƙaya ita ce babbar matsalarka a hanyoyin gonaki wajen Bomo da Shika da Basawa, musamman bayan kaka, lokacin da ƙashin yawo da tsidau suka bushe suka bazu. Masu hali suna komawa tubles, a cire tib a zuba ruwan da ke toshe huda da kansa. Yana aiki sosai, amma sai gargare da taya duk an yi su don haka, kuma a zafin bazara ruwan yakan bushe cikin wata biyu zuwa uku, sai an ƙara. Kafin ka kai nan, tib mai kauri da ruwan toshe huda a cikinsa zai rage maka rabin wahalar.

Sai wuraren da jikinka yake taɓawa. Fedar roba mai santsi ka musanya ta da mai faɗi mai 'yan ƙusoshi da ke riƙe takalmi. In za ka kwance da kanka, ka tuna fedar hagu a juye take, zuwa dama ake murɗa ta ta kwance. Sirdi kuma kada ka yi saurin sayen ƙato mai laushi, a doguwar tafiya shi ya fi goge cinya. Ba wa na jiki mako biyu tukuna.

Birki shi ne na gaba, in har yana gaza ka. Birkin roba da aka saita da kyau ya ishi mai koyo a lokacin rani. A damina ne, cikin Yuli da Agusta, laka take shafe gargare, birkin ya ƙi ci, yashi kuma ya riƙa cin gargaren. In keken yana da faifai mai waya, komawa mai amfani da mai irin Shimano MT200 canji ne da za ka ji daɗinsa tun ranar farko, da yatsa ɗaya za ka tsaya, kuma yana cikin mafi araha. In kuwa birkin roba ne a jiki, ka sani faifai yana buƙatar hob mai wurin ɗaura shi, wato har ƙafafu za ka canza, lissafin ya ninka. Abu guda nake roƙonka a nan, ka tsaya a kai ko mai gyara ya ce ba komai: birkin Shimano da na Tektro man ma'adini na musamman suke sha, ba man birkin mota ba. In aka zuba na mota, robobin ciki za su kumbura, birkin ya mutu gaba ɗaya. Kuma kada mai ko giris ya taɓa faifan, ɗigo ɗaya ya isa ya lalata takalmin.

Batun mayar da giyar gaba ta zama guda ɗaya, wanda na san ka gani a wurin masu hawa na ƙasashen waje, yana da kyau ga wanda daji kaɗai yake shiga. Ana sa faranti mai haƙora 30 ko 32 a gaba, da kaset mai 11 zuwa 42 ko 46 a baya, da sabon macanji da madanninsa, irin microSHIFT Advent ko Shimano Deore. Amma Zariya shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, duwatsun tsilli-tsilli suke, kuma kwana biyar cikin bakwai a titi kake. Farantinka mai haƙora 42 shi yake ba ka gudu a kwalta, in ka cire shi za ka yi ta juya ƙafa keken bai tafiya. Ga shi sarƙar giya shida da bakwai da takwas iri ɗaya ce, ana samunta ko'ina, ta goma da sha ɗaya kuwa siririya ce, da tsada, kuma sai an nemo. Ni dai shawarata ka bar faranti uku a gaba har sai sun cinye.

Fok na bari a ƙarshe da gangan, don a nan samari suka fi asarar kuɗi. Abin da za ka tarar a keken irin kuɗinka galibi SR Suntour ne, XCT ko XCM mai sifirin, mai nutsewar milimita 80 zuwa 100. In sandunansa masu sheƙi ba su yi tsatsa ko karce ba, kuma yana nutsewa ya dawo ba tare da ya buga ba, ya isa. Mai iska irin XCR ko RockShox Judy ko Recon ya fi sauƙin nauyi kuma ana saita shi daidai nauyin mahayi, amma kuɗinsa kan kai na keken gaba ɗaya, sannan sai abubuwa huɗu sun dace: girman taya, kaurin sandar da ke shiga wuya, irin ƙarfen tsakiyar ƙafar gaba, da irin birki. Tsofaffin firam miƙaƙƙen wuya gare su mai inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, sababbin fok masu kyau kuwa mafi yawansu masu faɗin gindi ne, ba sa shiga. In na hannu ne, ka auna tsawon sandar, don mai shi na farko ya riga ya yanke ta daidai nasa keken. Kada kuma ka ƙara nutsewa fiye da milimita 20 a kan na asali, yana ɗaga gaban keken ya matsa wa wuya. In fok ɗin da ke jiki ya mutu murus, miƙaƙƙen fok na ƙarfe marar sifirin da taya mai faɗi a gaba ya fi mataccen shokazoba, ya fi sauƙi, kuma ba ya neman gyara. Duk ranar da ka ga canji guda zai ci rabin abin da ka sayi keken, tsaya, sayar da shi ga wani ɗalibin, ka cika ka sayi wanda ya fi shi.

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta fi ruwan damina cin sarƙa. Kada ka shafa mata baƙin mai, yana kama ƙura ya zama kamar garin wasa wuƙa. Goge ta da tsumma, in ta yi dauɗa sosai ka wanke da ɗan kananzir nesa da faifai, ka ɗiga siririn mai a kowace gaɓa, ka sake gogewa har saman ya bushe. Sandunan fok ma ka goge su bayan kowace fita. Kada ka kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwan inji, yana tura ruwa cikin boris, bokiti da soso sun isa.

Ranar da za ka Kufena, ku fita ku biyu ko uku bayan sallar asuba ta wajen Wusasa, da ruwa isasshe, ku sanar da wani inda za ku, ku tambayi mutanen wurin hanyar da ake bi, ku kuma kauce wa shukar mutane. A gangara ka sauke sirdi kamar faɗin tafin hannu, ka miƙe a kan feda, ka ja jikinka baya kaɗan, ka matsa birki biyun tare a hankali. Inda ka ga ya fi ƙarfinka, sauka ka tura. In ka samu keken da ya kwanta maka, ɗauko hoton ƙafar baya ta ɓangaren giya, da wuyansa, da lambar gefen taya, ka turo kafin ka biya, in duba maka.